Jar Naggen da ke Cikin Hoto

Tungar Gawo, ta Shagari
Asabar

Zuwa ga taubashiyata Nusaiba, a Bodinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Goggo da ƙafar tata. An ce tun da kinka dawo daga Legas kina gida kina jinyarta, Allah shi ba da lada. Mu nan Inna lafiya sai ciwon gwiwa, yara lafiya, ƙanena Husaini na nan da babur ɗinshi shina bin kasuwanni. Maigidana Tukur ne ba lafiya ba, kuma ba ciwo ba ne.

Kada ki kira ni a waya, kada ki turo saƙo. 'Yan sa-kai na karɓar wayar mutum su duba wa ya kira, kuma tawa ce ta farko da za su nema yanzu. Shi ya sa na koma takarda, na ba Sulaiman direba ya kawo miki cikin ƙullin kuka. Ki maido amsa ta hannunshi.

Hotonki ya iso mu, 'yar Legas. Kin tuna lokacin kaka, da kinka zo kinka yi mako biyu a ɗakina, kina cin tuwona kina yi mini bayanin cewa ke ba ki ɗaukar fuskar mutum, sai baya da hannuwa? Na yi miki dariya na ce wa zai sayi ƙeyar Tukur. Ashe akwai masu saye. An rataye ta a bangon gidan nunin hotuna, an kuma sa ta a intanet, an rubuta Shagari a ƙasa. Wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a Sakkwato ya gani, daɗi ya kama shi, ya tura wa kowa. Kafin kwana uku babu wayar da babu hoton a kasuwa.

Kin cika alkawari, wannan ba ni musu. Tukur ya juya baya a bakin garke, hannunshi bisa wuyan wata nagge cikin shanunshi, ko ni sai da na duba hular kafin na ce shi ne. Amma naggen fa, Nusaiba? Ja ce, tana kallon mai kallo ido cikin ido, kunnen hagu a tsage, ƙaho ɗaya ya lanƙwaso ƙasa. Kin ɓoye fuskar mijina kin bar tata a fili.

Akwai wani bawan Allah, Malam Sadiƙ, daga wani ƙauye gaba da Dandin Mahe. Bara ɓarayin daji sunka kore mishi shanu kaf, ƙanenshi ya bi sawu, sunka harbe shi. A teburin mai shayi anka nuna mishi hoton don ya ga abin sha'awa, sai kofin ya faɗi daga hannunshi. Shekaranjiya Alhamis ya zo da 'yan sa-kai sun fi ashirin. Bai shiga garken ba ma. A gefe ya tsaya ya kira sunanta, ya ce, "Wule!" Wallahi naggen ta bar harawa ta ratso shanunmu ta zo ta tura hanci cikin rigarshi. Ya rungume wuyanta shina kuka kamar yaro. Da ba mijina ba ne a tsaye, da na taya shi.

Sunka tambayi Tukur ina ya same ta. Ya ce saye ya yi. Wurin wa? Ya ƙi faɗa. Sunka sake tambaya, ya dubi ƙasa. Ni kaina abin da ya faɗa mini da kaka shi ne wani mutum ne a hanyar kasuwa, ban kuwa bi ba'asi ba, mi ya haɗa malamar firamare da cinikin shanu?

Sun ce duk wanda wagga nagge ke hannunshi ya san wanda ya kashe ƙanen Sadiƙ. Har sun kama hannun rigarshi, maigari ya shiga tsakani, ya kai shi gidanshi ya ajiye, ya roƙi arziki a ba shi zuwa Juma'a bayan an sauko. In Tukur bai faɗi sunan wanda ya sayar mishi ba, za su tafi da shi bayan gari su tambaye shi da kansu. Kin san waɗanda anka tambaya a can, ba mu ga wanda ya dawo ba. Maigari ya aika wa hukuma, amma hukuma na cikin garin Shagari, 'yan sa-kai masu gorori kuwa suna ƙofar gida.

Tsoro nike ji, Nusaiba, irin wanda ban taɓa ji ba. Ki sa a sauke hoton. Kuma ki zauna ki tuna, ke da kinka yini a garken nan kina bin shanu da akwatinki na ɗaukar hoto, ko kin ga wani abu.

Taki,
Hadizatu


Bodinga
Lahadi

Yaya Hadizatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Ƙafar Goggo da sauƙi, har tana takawa zuwa bakin rijiya. Ban faɗa mata komai ba, ta ga na kasa cin abinci na ce mata zazzaɓi ne.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan take na kira masu gidan nunin, sun cire hoton daga bango, sun goge shi daga shafinsu. Amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ni da yadda zan yi da shi. Sunan Shagari kuma ni na ba su. Sun ce masu kallo na son sanin wuri, na ce a raina ƙaramar hukuma guda ce, wa zai gane gida ɗaya a ciki? Laifina ne, ba na kowa ba.

Ba wanke kaina zan yi ba, amma ina so ki san ba da wasa na shigo gidanki ba. Shekara shida ke nan da na daina ɗaukar fuska. Na fara ne a wani fili a Sakkwato inda matan da aka koro daga ƙauyukansu suke zaune. Duk wadda na ɗaga wa kyamara sai ta ja mayafi ta juya. Kwana uku ina jin haushi, a na huɗu na lura bayan da suke juya mini yana faɗin abin da fuskar ba za ta faɗa ba: yadda kafaɗa ta sauka, yadda aka ɗaure goyo, tabon igiyar guga a tafin hannu. Tun daga ranar nake cewa duk wanda zan ɗauka, "Ba wanda zai ga fuskarka." Da wannan kalma ake buɗe mini ƙofa. Da ita na shiga gidajen da ko mai allurar rigakafi ba ya shiga.

Kin ga yadda nake aiki, har kina ce mini malalaciya. Sai na yi kwana uku a wuri ban fito da kyamara ba, sai mutane sun gaji da kallona. Tsohuwar kyamara ce mai fim, hoto goma sha biyu take ɗauka a naɗi ɗaya, don haka ba na dannawa sai na tabbata. Kafin in wanke babban hoto kuma sai na bi shi lungu-lungu da gilashin ƙara girma. Ina cire lambar babur, ina cire allon masallaci, ina cire rubutun jikin rigar makaranta. Na bi wannan hoton haka sau ya fi goma. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa saniya ma fuska gare ta, kuma akwai masu saninta fiye da yadda na san 'yan'uwana. A Bodinga na girma, amma gidanmu ko akuya ba a taɓa ɗaurewa ba. Ni ja kawai na gani, da hasken safiya a kan ƙaho.

Ina da wata ƙawa lauya a Sakkwato, ta ce za ta iya zuwa. Ni ma zan zo in tsaya gaban maigari in rantse cewa mako biyu na yi a gidanku ban ga abin zargi ga Yaya Tukur ba. Ki faɗa mini ranar da ta dace.

Zancen ko na ga wani abu, ki ba ni lokaci in duba fim ɗin, suna cikin akwati. Amma Yaya, abin da Yaya Tukur ya ƙi faɗa, ina ganin yana da dalilinsa. Ki bi shi a hankali.

Ina ta addu'a. Ban iya komai ba sai ita.

Ƙanwarki,
Nusaiba


Tungar Gawo
Litinin

Nusaiba,

Gaisuwa. Muna nan da rai. A gaida Goggo.

"Yana da dalilinsa." Na karanta wanga layi har takardar ta yi laushi. Mi kike nufi? Ke ma kin shiga layin masu cewa mijina na cin abinci da ɓarayi? Mutumin da ya ba ki tabarmarshi, ya hana yara damunki, ya tsaya miki cikin rana kamar gunki don ke ki samu hasken da kike so? Shekara goma sha tara ina aure da shi. Ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gidanmu sai ya aika a kai musu. In kina da zargi ki faɗe shi a fili, kada ki naɗe mini shi cikin ladabin 'yan boko.

Kada ki zo, kuma kada ki turo lauya. Lauya da wa za ta yi magana, da gora? Ke kuwa an san ke ce mai hoton. Akwai masu cewa leƙen asiri kinka zo yi, kina ɗaukar garken mutane kina tura wa na daji. In kinka sauka a tashar nan ba ni da ƙarfin da zan kare ki.

Na kai mishi abinci ɗazu da azahar. Maigari ya bar mu a zaure, ya koma daga waje. Na durƙusa, na kama ƙafarshi, na ce, "Malam, don Allah, don Annabi, don ɗiyan nan huɗu, suna ɗaya ne. Faɗi ka dawo gida." Ya ce, "Hadizatu, ki bar wa Allah." Na ce Allah bai ce ka mutu a kan wani ƙato ba. Sai ya fara faɗa mini wace gona za a bar wa wa, da wanda zai riƙe shanu kafin babbanmu ya girma. Na toshe kunnuwana na fito. Tuwon ko taɓa shi bai yi ba.

Da na dawo na karɓi wayar maƙwabciyata na sake duba hoton naki, tun da ya zama shi ne abin kallon gari. Na ga abin da ban gani ba da farko. Igiyar da ke wuyan naggen sabuwa ce fil, shuɗiya, irin ta leda da ake jawo dabba da ita daga nesa. Tukur bai ɗaure shanunshi da irinta, da hannunshi shike tufka tashi ta rama. Ranar da nagge ta shigo garke ake cire mata baƙuwar igiya. Ke nan ranar da anka kawo ta kinka ɗauki hoton. Ina aji ina fama da yara, ke kina wurin.

Kin ga wanda ya kawo ta, Nusaiba. Kuma na san halinki, ba ki ganin abu ki bar shi. In fuskarshi na cikin akwatin nan naki, ki wanke ta ki ba Sulaiman gobe. In babu, ki rubuto mini kamanninshi, dogo ne ko gajere, da wace riga, da wane yare ya yi magana. Saura kwana huɗu.

Hadizatu


Tungar Gawo
Laraba

Nusaiba,

Sallama. Lafiyarmu ke nan yadda kinka sani.

Jiya na tsaya bakin titi tun hantsi. Sulaiman ya zo, ya sauke buhunan mutane, ya dube ni ya girgiza kai. Yau ma haka. Ya ce ya yi sallama a gidanku, an ce kina ciki kin kulle kanki a ɗakin da kike wanke hotuna, ba ki fito ba.

To bari in ba ki labarin abin da ke faruwa a waje. Iyaye sun fara janye ɗiyansu daga ajina, yau goma sha ɗaya na samu cikin arba'in da uku. Mai niƙa ya maido mini da dawata bai niƙa ba. Da la'asar wasu samari biyu da bindigar gargajiya sunka zo sunka zauna gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, suna ta kallon rumbunanmu. Ƙaramar ɗiyata ta tambaye ni ko baƙin Baba ne, ta kai musu ruwa.

Inna ta taso daga gidanta ta dawo wurina da gwiwar tata. Husaini ne kawai ke ƙarfafa mini zuciya, jiya ya kawo mana shinkafa, amma shi ma ya rame, ko zama bai iya yi ba.

Na ji an ce Turawa sun gayyace ki ki kai hotunanki ƙasarsu. Na gane. In anka ji mai alkawarin ɓoye fuska ta fito da fuskar mutum, kasuwa ta ɓaci, ba mai sake buɗe miki ƙofa. To ki auna, taubashiya. Ki sa alkawarinki gefe ɗaya, ki sa uban ɗiyana gefe ɗaya. Kakanki da kakata ciki ɗaya sunka fito, ban taɓa roƙonki komi ba sai yau.

Jibi ne Juma'a. Ba ni barci, ba ni cin abinci, ko sallah na tayar sai in manta raka'a ta nawa nike.

Hadizatu


Bodinga
Alhamis da safe

Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da wannan hali, ina gaida Inna. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki karanta ke kaɗai.

Ban taɓa zargin Yaya Tukur ba, ko na minti ɗaya. Ba Turawa ne suka hana ni amsa ba, na riga na rubuta musu na ce ba zan zo ba. Tsoro ne ya hana ni. Kwana biyu ina rubuta takardar nan ina yagawa.

Gaskiyarki, ina wurin. Na fita garke da sassafe don in riga rana. Ina zaune a kan turmin da aka kife sai ga mutum ya jawo saniyar, Yaya Tukur ya taso ya tarye shi. Duk naɗin fim na kan fara shi da gwajin haske, in danna a kan duk abin da ke gabana. Na ɗaga kyamara daidai lokacin da yake miƙa wa Yaya Tukur igiyar. Mutumin ya ji ƙarar dannawa, ya juyo yana dariya, ya ce, "'Yar Legas, a ɗauke ni da kyau." Na sake dannawa.

Ƙa'idata ita ce, duk fim ɗin da fuska ta fito a ciki ina yanke shi in ƙone ranar da na wanke. Shekara shida ban saɓa ba. Wannan na kasa. Hasken ya zauna masa a fuska yadda ban taɓa samu ba, na ce wannan ya fi duk abin da na taɓa ɗauka kyau, na ɓoye shi a cikin littafi. Son kaina ne ya ajiye shi, ba hangen nesa ba.

Tun ranar Asabar na san abin da ya rufe bakin Yaya Tukur. Ba kansa yake karewa ba. Ke yake karewa, da Inna. Ya zaɓi a tafi da shi bayan gari da ya zama shi ne ya faɗi sunan nan da bakinsa a gabanki. Na yi ta fatan zai faɗa, ko shi mai fuskar ya fito da kansa, don kada ya zama ta hannuna. Har jiya ba wanda ya motsa.

Na wanke hoton farko, mai igiyar. Yana cikin ƙaramar ambulan da na liƙe da gam, a cikin wannan. Ban san yadda saniyar ta zo hannunsa ba, kuma hoto ba ya faɗin wannan. Wataƙila shi ma saya ya yi, wataƙila tilasta shi aka yi. Abin da hoton ke nunawa kawai shi ne wa ya miƙa, wa ya karɓa. Amma kin fi ni sanin cewa masu jiran Juma'a ba za su tsaya tambayar sauran ba.

Na rasa wanda ya isa ya yanke wannan hukunci. Ni ban isa ba. In na riƙe, na kashe Yaya Tukur. In na aika wa maigari kai tsaye, na yi miki abin da ba za ki yafe mini ba har abada. Shi ya sa na turo miki, ina sane da cewa wannan ma zalunci ne. In kin ƙone ambulan ɗin ba ki buɗe ba, ba mai jin komai daga bakina. In kin buɗe, ki yafe mini.

Ina zaune a ƙofar gida har Sulaiman ya dawo.

Nusaiba


Tungar Gawo
Lahadi

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaida Goggo. Sulaiman ya ce kwana uku kina tare shi a tasha, yau na samu hannun riƙe biro.

Tukur na gida, da ranshi.

Ban buƙaci buɗe ambulan ɗin ba. Mutum ɗaya ne duk garin nan ya koyi ce miki 'yar Legas daga bakina. Amma na buɗe, don kada wata rana in ce wa kaina ƙila ba shi ba ne. Husaini ne, ƙanena, da rigar da na ɗinka mishi da ƙaramar sallah, igiyar a hannunshi.

Na aika a kira shi. Ya zo da azahar ranar Alhamis, na ja shi bayan rumbu na miƙa mishi. Ya duba, ya zauna a ƙasa. Ya ce tare shi anka yi a hanyar dawowa daga kasuwa, mutum shida da bindigogi. Sunka faɗa mishi sunan Inna da inda take shanya gero, sunka ba shi naggen sunka ce ya sayar ya kawo musu kuɗin. Ya ji tsoron kai ta kasuwa kada a gane ta, sai ya kawo wa surukinshi Tukur, ya ce ta wani abokinshi ce da ke neman kuɗin asibiti. Ya rantse sau ɗaya ne. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ina so ya zama gaskiya.

Na ce, "Kwana bakwai kana kawo mini shinkafa kana kallona." Ya ce kullum da niyyar faɗa shike zuwa. Na ce to tashi mu tafi wurin maigari tare, ka faɗa da bakinka, a kira hukuma ta tafi da kai kafin masu gora su ji. Ya ce, "Yaya, in na yi magana na daji za su zo kan Inna. In na yi shiru na gari za su kashe Malam. Ki faɗa mini ina zan sa kaina." Na ce mishi gobe da hantsi zan kai hoton, da shi ko ba shi. Ya tashi ya shiga ya gaida Inna, ya ce mata zai je Sifawa ya dawo. Ya hau babur ya tafi.

Ranar Juma'a da hantsi na sa hijabi na tafi ni kaɗai. Zauren cike. Na miƙa wa maigari, ya duba, ya miƙa wa Malam Sadiƙ, hoton ya bi hannu-hannu har waje. Wani ya ce, "Ai ƙanenta ne." Malam Sadiƙ ya dube ni ya ce, "Malama, uwa ɗaya?" Na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tashi ya kwance naggenshi ya tafi da ita. Samarin kuwa sunka hau babura sunka bazu neman Husaini.

Da anka fito da Tukur na zaci zai ce mini sannu. Ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Wa ya sa ki?" Tun ranar bai ƙara yi mini wata magana ba sai ta ruwan alwala. Inna ta ji a bakin mata kafin in iso gida. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta naɗe tabarmarta ta koma gidanta da gwiwar nan, ta hana kowa riƙe ta. Kin san Hassan ɗin Husaini tun suna cikin zanen goyo ya rasu, Husaini kaɗai ne namijin da ya rage mata.

An ga babur ɗinshi jiya a yashe a bakin wani rafi, makulli a jiki. Shi ba a gan shi ba. Na gari na nemanshi, na daji ma yanzu sun san an gane shi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in fita in duba, ban san labarin da na fi tsoro ba, a ce an kama shi ko a ce an tsince shi.

Ban yafe miki ba tukuna, kuma ban ce kin yi laifi ba. Ki bar ni da wannan zuwa wani lokaci. Maganganun da na faɗa miki ranar Laraba kuwa, ki yi haƙuri da su.

Abu ɗaya nike roƙo. Ɗazu na kai wa Inna fura, na tarar da ita ta zazzage akwatinta a tsakar ɗaki tana neman hotonshi. Babu ko ɗaya, bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba. Wanda ke akwai shi ne wanda ke yawo a wayoyin masu nemanshi. Kin ce kin danna sau biyu, na biyun shina dariya. Ki wanke mata shi, babba, wanda za ta iya gani ba tare da tabarau ba. Ki yanke naggen, ki yanke igiyar, ki bar mata fuskar ɗanta kawai.

Yayarki,
Hadizatu